Hannuwan Bronek

Tun tsakar rana Lucyna ta kasa zama. Ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin farin ƙyallen tebur don tunawa da bargar da aka haifi Almasihu, ta leƙa taga, ta juya miya, ta sake leƙa taga. Jajibirin Kirsimeti ne, kuma yau ne karon farko da Bronek, direban da zai aure ta bayan Ista, zai ci abincin yamma a gidansu.

"Sai kin huda gilashin nan da ido!" in ji mahaifiyarta, Jadwiga, tana soya kifi. "Ƙyale shi ya gama sayayya. Bara mijin yayarki da injin wanki ya shigo daga Jamus. Na gaya wa naki, kada ya zo mini yana kaɗa hannu."

"Ai kuwa ya ji, Mama. Mako huɗu yana kan titi, har ranar Lahadi. Sujadar asuba a coci ko ɗaya bai zo ba, shi da ke riƙe mini fitila. Jiya kowa ya je furta zunubi wurin fada, limamin cocinmu, shi yana birnin Krakow yana sauke kaya."

"Cocin guduwa zai yi?"

"Ni zan gudu! Wanda na ce ina so, Allah yake sawa a gaba. Wannan ban san shi ba, ba zan aure shi ba."

Jadwiga ta ja tsaki, amma ta bar kifi ɗaya ya ƙone.

Tauraron farko ya fito. A nan wurinmu azumi ake yi ranar, shi ake jira a sha ruwa, sai dai babu wanda ya taɓa cokali. Miya ta huce, aka mayar wuta, ta sake hucewa. Can sai aka ji ana bugun ƙofa da ƙafa.

Bronek ne, idanu jajur, kwalaye har haɓa, jakunkuna rataye a yatsunsa.

"Barkanku da biki, Mama! Ga rigar sanyi, ga injin kofi, ga sabuwar waya — layin kantin nan sai ka ce ana raba Aljanna!"

"Kai, ɗan albarka!" Jadwiga ta washe baki.

Lucyna ba ta dubi kwali ko ɗaya ba. Ta ɗauko oplatek, siririyar farar gurasar da ake karɓowa a coci, wadda kowa ke gutsura daga hannun ɗan'uwansa yana neman gafara kafin a zauna. Ta miƙa masa.

"Gutsura."

Ya motsa hannun dama, kwali ya zame. Ya motsa na hagu, jaka ta nemi tsinkewa. Ya yi 'yar dariya.

"Sa mini a baki mana, gimbiya."

"Ba a haka, Bronek." Hawaye suka zubo mata. "Da hannu ake karɓa."

Ya daɗe yana kallon gurasar a yatsunta. Sannan ya durƙusa, ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya a ƙasa. Igiyoyin jakunkunan sun yi masa shaida a tafin hannu.

"Wata guda ban yi addu'a ba," ya ce a hankali. "Tsoron kada a hana ni ke ya sa na manta Wanda ya ba ni ke. Gafarta mini."

Kafin ta amsa, Jadwiga ta matso, ta kama hannun nan ta juya shi, ta ga sawun igiyar.

"Ni na ɗora maka, ɗana," ta ce, tana share ido da bakin zanen girkinta. "Fara gutsurar tawa."

Ya gutsura, aka ba shi tasa gurasar, Lucyna ta gutsura, suka sha miya da sanyinta. Bayan Ista aka ɗaura aure.

Ni mai ba ku labarin nan, na ga Kirsimeti saba'in da takwas, na ga gidaje da yawa da kaya suka cika, mutanen ciki kuwa ba sa iya duban juna. 'Ya'yana, kyauta ba laifi ba ce. Amma Almasihu da aka haifa a barga bai nemi kwali a wurin kowa ba. Ku fara son Allah, ku yi haƙuri da juna. Soyayyar da ta biyo bayan wannan ita ce mai daɗewa.