Usur a Kan Fiffike

"Karɓa, Shirwa... karɓa, iska ta fi ƙarfina!"

Ya ɗage yatsansa daga kan maɓallin. Na ji rimot ɗina ya mutu a hannuna, alamar tuƙi ya koma wurinsa.

Sai dai jirgin yana gabas yana tangal-tangal, shi kuwa fuskarsa yamma take kallo.

Ina tsaye jirginmu ya kifo da hanci, ya daki ƙasa a bayan tsohuwar masaƙa.

Haka ake koyon tuƙa jirgin wasa: rimot biyu, waya ɗaya ta haɗa su. Muddin malami yana danne da maɓalli, ɗaliba ce ke tuƙi. In ta rikice sai ya saki, ya karɓa. Namu jirgin ba inji ba farfela, iska mai ɗumi yake hawa, shiru kamar ba ya nan. A kan wayar nan na koyi tuƙi, a kanta kuma zuciyata ta tafi ba sallama. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma 'yan filin da muke wasan jirgi Shirwa suke ce masa, don yana hango jirgi ko ya koma ɗigo a sama.

"Ina ya faɗi?" ya tambaya a hankali.

Tambayar nan ita ta tona komai.

Ashe Mai Jet bai yi ƙarya ba. Shi ne ɗan filin da jirginsa ya fi na kowa ƙara, bakinsa kuma ya fi jirgin. Tun da na ce ba na yi da shi yake neman inda zai soke mu. Ya wanke ƙafa har falon Baba, ya durƙusa kamar mutumin kirki, ya ce idon Shirwa na mutuwa.

"Auta, ba zan zuba ido ki ƙare rayuwarki a jan sandar makaho ba," in ji Baba.

Na rantse masa sharri ne. Har kuka na yi.

Yanzu ga ni a gaban gaskiyar, waya tana lilo tsakaninmu.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun farkon damina. Likita ya ce jijiyar ce... ba ta dawowa."

"To wa yake riƙe da ni duk tsawon lokacin nan?"

"Ba kowa, Zuciyata. Ke kaɗai kike tuƙi. Ni dai na danne maɓalli ina roƙon Allah kada ki ce in karɓa."

Haushi ya kama ni, tausayi ya danne shi, na rasa wanda zan fara da shi.

"Mu yi musanya," na ce. "Ba ni naka. Ni zan riƙe maɓallin, in riƙa faɗa maka hagu da dama. Zan shawo kan Baba."

Ya yi murmushin da na tsana, irin na wanda ya riga ya gama shawara. Ya lalubi bayan rimot ɗinsa, ya zare wayar, ya naɗe ta tsaf, ya saka min a tafin hannu.

"Baba ya fi mu gaskiya. Da jirgin mai inji ne ma, sai in bi ki da kunne. Namu ko kuka ba ya yi."

"Don Allah kar ka yi min haka, Malamina..."

"Na yaye ki, Auta."

Ya juya ya tafi yana taka ƙasa a hankali. Daga ranar bai sake ɗaga kirana ba.

Na tsince tarkacen, na zauna da gam da wuƙa har yatsuna suka yi kanta. Mai Jet ya aiko da sabon jirgi a kwali, na mayar masa ko buɗewa ban yi ba. Da nawa ya haɗu, sai na ɗaura masa ƙaramin usur a kan fiffike.

Tagar shagon Shirwa filin take kallo. Ran Asabar na cilla jirgin, na nemi iska, na karkato shi saman rufinsa. Usur ya ɗauki kuka siriri, ba tsayawa.

Ya fito bakin taga.

Wannan karon fuskarsa ta bi jirgin daidai, hagu, dama, har sama. Na ga yatsansa yana motsi a kan katakon tagar kamar mai danna maɓalli.

"Karɓa," na ce, ni kaɗai.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya ja tagar ya rufe.