Mikiya Mai Kai Biyu a Gidan Rasim

Sunan ƙauyen ya ɓace mini, shekarar ma haka. Na dai san kusa da garin Travnik ne, kuma a gidan Rasim kafinta abin ya faru.

Wata rana Rasim yana gyaran dokin ƙofarsa, sai ya tarar da kwandalar azurfa binne a ƙarƙashi, irin ta tsohuwar daular Ostiriya. Gefe ɗaya fuskar sarki, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu, kowane kai ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Ya huda ta, ya zura zare, ya rataya wa 'yarsa Nizama a wuya.

Magariba na yi gidan ya yi tsit. Karnukan maƙwabta suka yi shiru. Sai tsakuwa ta fara sauka a rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Nizama ta ajiye cokali, ta dafe idonta na hagu.

"Baba, an kashe fitila ne?"

Fitila tana ci.

Matarsa Zumra ta dube shi. "Rasim, me ka tono mana?"

Kullum magariba haka, idon yana ƙara dushewa, har aka ɗauko Hoja Ejub, malamin da ke karatu a kan marasa lafiya. Ya juya kwandalar a tafinsa.

"Kai, mai hannun guduma, duk faɗin azurfar nan ba ka sami wurin huji ba sai idon tsuntsu?"

Ya fara karatu. Wuyan yarinyar ya murɗe a hankali, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Sassauta, Hoja, ba kurma ba ne ni."

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Kafin a kafa gidan nan muna nan. Kakan masu gidan ya binne mana tsuntsun a tsakani. Kai ɗaya yana duban naku kada ku taka mu, ɗaya yana duban namu kada mu shigo muku. An tsone wanda ke dubanmu. Idonta zan ɗauka a madadi."

Zumra ta toshe baki. Rasim ya matso gaban 'yarsa.

"Ɗauki nawa," in ji shi.

"Naka da bai ga abin da yake hudawa ba? Riƙe kayanka."

Hoja ya ce za a narka 'yan kunnen Zumra a cike hujin, a mayar da kwandalar inda take.

"Ido mai faci ba ido ba ne. Sai an ƙara mini wani abu."

"Ganinta dai ba za ka taɓa ba," in ji Hoja.

Muryar ta sake fitowa.

"To, ruwan idon. Hawayensa."

Hoja ya dubi Rasim. Rasim ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, ƙofa ta buɗe da kanta ta rufe.

Ta farka tana gani sarai.

Sauran duk ji na yi. Wanda na tabbatar shi ne wannan: ina wurin ranar jana'izar Rasim, kusa da Nizama. Ta yi kuka har muryarta ta dashe, kuncinta na hagu a bushe.