Rumbun Tururuwa a Tudun Anza

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa, Wasila ta ɗauki ƙwarya ta hau falalen dutse don ta kwashe shanyarta. Tiya guda ce ta hatsi, ita ce ta ƙarshe a ɗakinta. Da hantsi ta surfa ta wanke ta baza, sai tarin mijinta ya tashi, ta koma ta zauna kansa har ta manta.

Wata bakwai ke nan da suka baro Damagaram, ita da Alkasum. Baduku ne shi, ƙirjinsa ya lalace. Ga birni ya cika da mutanen da fari ya koro, ga zafi, ga layin ruwa tun asuba. Likita ya ce a kai shi inda iska take. Shi ne suka hau Tudun Anza, wani ɗan gari can bayan Zermu, cikin duwatsu.

Wallahi garin yana shiga rai. Gidaje ba su fi talatin ba. Iska da sanyinta ko da bazara, ba sauro, ba ƙarar kamiyo, manyan motocin kaya. Akwai idon ruwa a tsagar dutse, kaɗan-kaɗan yake ɗiga, amma bai taɓa ƙafewa ba. In ka tsaya bakin gari sai ka hango ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Ba mai kulle ƙofa. In ka yi tari sau biyu, maƙwabci ya leƙo. Alkasum da ba ya iya kwanciya a birni, nan ya fara barci har da minshari. Wasila ta ce ita kam nan za a binne ta.

Garin ma ya karɓe ta. Maigari ya nuna musu ɗan fili tsakanin duwatsu. Inna Hajjo, tsohuwar da suke katanga ɗaya, ta ba ta tafi biyu na irin hatsin garin.

"Ki ɓoye, ɗiyata," in ji ta. "Nan, wanda ya shuka irinmu a ruwan farko shi ne ɗan gari. Wanda bai shuka ba baƙo ne, fili ya koma, shi kuma ya sauka. Bana ba mai saura da zai ƙara miki."

Alkasum ya ɗinka mata 'yar jakar fata, ta zuba irin ta rataya a wuya. Yunwa ta yi yunwa, ba ta taɓa kwance ta ba.

To, da ta iso falalen, babu shanya. Dutse fes, kamar an share. Sai layin tururuwa baƙi ƙirin, kowace da ƙwaya a baki, suna gangarawa gindin wani babban dutse.

Tonon gidan tururuwa ba abin kunya ba ne a shekarun nan, mata da yawa da shi suka raya 'ya'yansu. Amma a Tudun Anza da yadda ake yi, kuma Inna Hajjo ta gaya mata tun zuwanta: a yi sallama, a ɗebi tafi uku, a rufe musu ƙofarsu. "Ba su kaɗai ne a ciki ba."

Wasila ta sani. Sai dai zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta sauka gida ba ta yi wa kowa magana ba, ta ɗauko hauya da kaskon garwashi.

Ba ta yi sallama ba. Ta sara, ta sara, har ramin ya buɗe. Ga hatsinta, ga wani tsohon hatsin da ba nata ba, ga tsabar ciyawa. Ta kwashe tas, ƙwarya ta cika, ta ƙulle saura a bakin zane. Sannan ta juye garwashin a cikin ramin.

"Ɓarayi," ta ce. "Ku ma ku ji in da daɗi."

Suka dinga fashewa ƙas-ƙas. Wani ƙauri ya tashi, ba irin na ƙwaro ba. Kamar gashin kai.

Ta sheƙe hatsin ta dama wa Alkasum kunu, ita ta ci anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Ya shanye har yana sa mata albarka.

Washegari bayan la'asar ya kira ta.

"Wasila, cikina motsi yake."

"Kunun jiya ne, Malam, ka kwana biyu ba ka ƙoshi ba."

"A'a. Tafiya ake yi a ciki."

Ta durƙusa ta dube shi. Ya yi tari sau ɗaya. Tururuwa ta fito daga gefen bakinsa, da ɗan ɓarin hatsi a bakinta, ta bi gemunsa ta sauka tabarma, ta nufi ƙofa. Wata ta biyo ta.

Inna Hajjo ta ji salatin Wasila ta shigo. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙwaryar, ta dubi Wasila.

"Tafi nawa?"

"Duka, Inna."

"Kin rufe musu?"

"Wuta na zuba, Inna."

Tsohuwar ta ja da baya har ta bugi katanga. Muryarta ta koma raɗa. "Ɗauki abinsu ki mayar kafin rana ta faɗi. Ni ba zan raka ki ba. Ba wanda zai raka ki."

Wasila ta ɗauki ƙwaryar ta hau. Garin da kullum ake jin daka da kukan awaki, yau tsit. Iskar nan mai sanyi ta ɗauke. Dutse yana mayar da zafi a tafin ƙafarta.

Sai ta ji yayyafi.

Ta ɗaga kai da sauri. Sama ba ko ɗigon gajimare. Ƙarar daga ƙasa take. Shhh. Shhh.

Falalen gaba ɗaya ya yi baƙi, yana motsi. Sun bar mata 'yar hanya daidai faɗin ƙafa.

Ta bi.

Ƙaurin jiya yana nan, ya ma fi ƙarfi.

A bakin ramin wata mata na zaune. Doguwa, baƙa, ƙugunta bai fi kaurin tabarya ba. Ta ba da baya. Gefen jikinta ɗaya ya ƙone, toka na zuba daga kafaɗarta.

"Salamu alaikum," in ji Wasila. 

"Sai yau kika san sallama?" in ji matar.

Muryar kamar ana sheƙe hatsi can nesa.

Wasila ta durƙusa ta juye ƙwaryar a ramin. Kafin ta ɗago, ba ƙwaya ko ɗaya.

"Saura," in ji matar.

"Mijina ya sha. Ba shi da lafiya. Bai sani ba, wallahi bai sani ba."

"Mun sani. Muna ɗaukowa."

Ta miƙa wani dogon hannu ta nuna gangare. Layi ya riga ya tsinke daga falalen, faɗinsa kamar zane, yana malala zuwa gidansu Wasila.

"Ta baki ya yi mana nisa. Yanzu ta ciki za mu huda."

Wasila ta dafe ƙirji. Hannunta ya faɗa kan jakar fata.

Ta tuna filin. Ta tuna idon ruwa, da minsharin Alkasum. Ta dubi layin, ya kai katangar Inna Hajjo.

Ta fizge igiyar.

"Ga wannan. Ki kira su."

Matar ta juyo.

Ba fuska. Tururuwa ce kawai, a cunkushe, suna hawa juna, sun bar ramuka biyu inda ido ya kamata.

Ta sunkuyo ta shinshina jakar.

"Irin garin nan ne."

"Shi ne."

"Zuba."

Wasila ta zuba. Tafi biyu. Can ƙasa layin ya tsaya cak, ya juyo.

"Hatsi ya dawo," in ji matar a hankali. "'Ya'yana fa?"

Ta cafke hannun Wasila na dama, wanda ya juye garwashi. Zafi kamar an tsoma shi a rushi. Tururuwa suka fara hawa, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga cikin gari, kiran magariba.

Riƙon ya saki. Matar ta zube kamar an juye buhu. Wasila ta kwasa da gudu, tana faɗuwa tana tashi, har ƙofar ɗakinta.

Ta tarar da Alkasum zaune, yana neman ruwan alwala.

Kwana ashirin bayan nan aka yi ruwan farko. Duk gari ya fita shuka, Wasila tana tsaye bakin filinta da jaka wayam. Ba wanda ya kore su. Maigari dai ya zo ya gaishe su kansa a ƙasa, Inna Hajjo ta rako su har bakin gangare tana kuka, amma ba ta ce su zauna ba.

Suka koma Damagaram, cikin zafi da sauro. Alkasum ya ƙara shekara shida, sai dai bai sake barci a kwance ba. Hannun Wasila ya shanye, baƙi kamar gawayi, kuma duk magariba sai ya ɗauki zafi.

Gida huɗu ta sake a Birni. Duk inda ta sauka, kafin kwana uku tururuwan sun iso. Ba sa taɓa hatsin kowa a gidan sai nata.

Har ta tsufa, in rana ta yi ja, takan fito ƙofar ɗaki ta juya wajen duwatsun da ba ta iya hangowa, ta yi sallama, ta zuba tafi uku a ƙasa da hannun hagu. Su zo su zagaye shi su wuce.

Wanda ta ba su ba sa taɓawa. Na cikin tukunya suke ɗauka.