Majigin Malam Badaru

Da aka sauko daga sallar Juma'a, Malam Badaru bai wuce gida ba, sai ya biya ta aji don ya goge majiginsa. Ya tura ƙofa, ya tarar da tebur wayam. Ƙyallen da yake lulluɓe shi da shi ma babu. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan allo, har cikin randar ruwa sai da ya leƙa, abin da daga baya ya roƙi kada a faɗa wa ɗalibai.

Makarantar ta horar da malaman gona ce, a Tsamiyar Larai, kusa da kogin Watari, inda gonaki suka manne da juna har ba ka gane iyaka sai ka ga layin gamba. Samarin da suka gama makarantar midil ake tarawa a koya musu huɗa da shanu da adana taki da maganin ƙwari, su fita su koya wa manoma. Majigin ya zo ne bayan an gama yaƙin Boma. Akwati ne na gwangwani da fitila a cikinsa. A zura masa ɗan gilashi mai hoto, sai hoton ya fito a bango, girman mutum. Malam Badaru yakan ce abin da baki zai yi wata yana bayani, majigi yana gama shi kafin a tauna goro.

Kafin la'asar an kama Ɗan'auta, mai kula da shanun makaranta, domin shi kaɗai ne namijin da bai je masallaci ba. Aka kulle shi a zauren dagaci. Baturen makaranta yana rangadi, amma da labari ya kai masa ya aiko cewa in ya dawo babu majigi, a miƙa yaron ga alƙali. Kowa ya san ƙarshen wanda ya taɓa kayan gwamnati: gidan yari a birni. Ɗan'auta kuwa shi kaɗai ya rage wa uwarsa.

Da hantsin Asabar Kofur Mani ya iso a kan kekensa. Ɗan doka ne mai sanyin jiki, ba ya dukan wanda ake zargi. Ba don tausayi ba, in ji shi, sai don duka yana gajiyar da hannu, kuma gaskiyar da bulala ta fitar ba ta kwana.

Ya tsaya a tsakiyar ajin yana kallo. A gefen tebur ga wani ɗan akwati na katako, ga garwar kananzir cike.

"Wannan fa?"

"Gilasan hotuna ne," in ji Malam Badaru. "Duka suna nan, na duba."

"In babu su, me majigi zai nuna?"

"Farin haske kawai."

"To, madalla."

Malam Badaru bai ga abin madalla a nan ba. Kofur ya sunkuya bayan ƙofa ya ɗago wani gammo na tsohon zane. Ya shinshina shi, ya ji ƙanshin man gyaɗa, ya cusa shi a aljihu.

"Yaushe aka kunna shi na ƙarshe?"

"Alhamis bayan magariba. Darasin huɗa da shanu."

"Ɗalibai kaɗai?"

"A ciki dai su kaɗai. Amma tagogi kullum cike suke da mutanen gari, har da tsofaffin mata masu talla. Ban taɓa hana su ba. Ranar nan ma wata sai da ta rafka salati ta saki ƙwaryarta. Ka ga ikon ilimi."

Kofur ya fara da Dogo, mai ƙera fitilar aci-bal-bal da gwangwani, domin an ji shi a kasuwa yana cewa akwatin nan zai ba da fitilu masu kyau. Ya same shi a rumfarsa yana bubbuga wani gwangwanin madara.

"An ce ka yaba majigi."

"Na yaba, ranka ya daɗe. Na kan yaba dokin hakimi ma."

"Jiya da azahar ina kake?"

"Sahu na biyu, kusa da ladan. Ya taka ni, ka tambaye shi. Amma tsaya, an ce ɓarawon ya bar kananzir?"

"Garwa guda."

Dogo ya ajiye guduma, ransa a ɓace. "Kananzir da ake nema ruwa a jallo? Kofur, in za a zage ni da sata, a zage ni da mai hankali."

Daga nan sai Malam Nababa, dattijon malamai, wanda tun zuwan majigi bai taɓa yi masa kallon rahama ba. Yana ƙarƙashin darbejiya yana gyaran igiyar garma.

"An ce ba ka son akwatin nan."

"Ba an ce ba, ni na ce. Hoto ba ya koya wa hannu riƙe garma. Yaro ya ga sa a bango ya ɗauka ya iya, ran da sa na gaske ya juyo masa sai ka ga gudu."

"Da ka so ka kashe darasin, me za ka ɗauka?"

"Gilasan mana. Akwati ai a aiko da wani daga birni. Hotunan gilasan kuwa wani Bature ne ya ɗauka a gonakin nan kafin yaƙi, babu na biyunsu." Ya ja igiya ya ƙulle. "Da ma ban so aka nuna na ranar Alhamis ba."

"Saboda me?"

"Malam Badaru baƙo ne, a wurinsa mutumin da ke cikin hoton wani manomi ne kawai a bayan shanu. Mu kuwa mun san shi. Kamilu ne, wan Ɗan'auta. Ya shiga soja aka tafi da su Boma. Abokan tafiyarsa sun dawo, shi shiru. Ba gawa, ba labari."

Kofur ya daɗe yana tauna goronsa kafin ya yi godiya ya tashi.

A zauren dagaci ya tarar da Ɗan'auta zaune a ƙasa, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, idonsa ya yi ja don rashin barci.

"Me ya hana ka masallaci?"

"Sa ɗaya cikinsa ya kumbura."

"Wa ka gani ya shiga aji?"

"Ni na ɗauka."

"Ban tambaye ka ba tukuna, amma to. Ina ka kai shi?"

"Na jefa a kogi."

"Watari? A ranin nan? Kogin da ko jaki ba ya jiƙa kofato?"

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai.

"Wa ke ɗauko wa Malam akwatin gilasai in za a yi darasi?"

"Ni."

"Ka san amfaninsu ke nan." Kofur ya zaro gammon ya ajiye a gabansa. "Wannan naka ne?"

Ɗan'auta ya kalli gammon sau ɗaya ya kau da kai. "Don Allah, Kofur, na ce ni ne. A kai ni kawai."

Kofur ya bar kekensa a nan, ya kira Malam Badaru, suka bi burtali a ƙafa. A hanya ya warware masa zancen, a hankali, kamar mai tsinkar zogale.

"Ɓarawon kuɗi ba ya barin kananzir, kuma ba ya tsayawa lulluɓe kaya da ƙyalle don kada ya ƙuje. Maƙiyin darasinka gilasai zai fasa. Duk wanda ya taɓa zama cikin ajinka, ɗalibi ko mai shanu, ya san hoton a gilashi yake. Wanda ya ɗauki majigi ya bar gilasai, daga taga yake kallo, bai taɓa ganin hannunka yana zura komai ba. A ganinsa hoton a cikin akwatin yake zaune."

"To amma waye?"

"Ranar Juma'a da azahar maza suna masallaci, matan aure suna cikin gida. Wa ke yawo da kaya a ka, a rufe da faifai, ba wanda zai ce mata me kika ɗauko? Tsohuwa mai talla. Gammon yana ƙanshin man gyaɗa. Kuma wace tsohuwa ce ƙato kamar wancan zai yarda ya tafi gidan yari dominta?"

Malam Badaru ya tsaya cak a tsakiyar burtali. Ya tuna salatin nan da ƙwaryar da ta faɗi, kunya ta kama shi.

A gidan su Ɗan'auta, uwarsa Inna Hure mai ƙuli-ƙuli ta amsa sallamarsu, ta fito zaure. Ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, hannuwanta sun yi kanta saboda matsar mai. Ta gaishe su, suka gaishe ta har da tambayar zafi da kasuwa. Sannan Kofur ya miƙa mata gammon da hannu biyu.

"Inna, kin yar da wannan."

Ta karɓa, ta juya shi. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ciki ta fito rungume da wani babban masaki, ta ajiye, ta ɗaga faifai. Ga majigin nan a naɗe cikin ƙyallensa, ta ƙara masa da sabon zanenta.

"Ban ɓata shi ba, Malam. Aci-bal-bal kawai na sa masa. Haske ya fito a bango, amma shi bai fito ba. Na jira, na sake jira. Na ce ko ban iya ba ne, ko kuwa fushi yake da ni."

"Wa, Inna?" in ji Kofur, ko da yake ya sani.

"Wancan. Babban."

Ba za ta faɗi sunan ba. Ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. Haka ta tarar, haka ta yi, aka kuma yabe ta da kunya.

"Na san ba shi ba ne, hotonsa ne, ban haukace ba," ta ce. "Amma tun da na haife shi ban taɓa kallonsa na ƙoshi ba. Kakarsa ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Ran da zai tafi ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ina tankaɗe. Na ce Allah ya kiyaye, ban ɗago ba. Na ɗauka zai dawo, in ya tara iyali na tsufa, in kalle shi yadda nake so. Shekaranjiya na gan shi a bango, da ɗan gemunsa, kafin in share ido an ɗauke shi an sa hoton kwandon taki. Kewarsa ta hana ni sakat, Kofur. So nake in gan shi ni kaɗai, inda ba mai ganina."

Can Kofur ya gyara murya.

"Kin san inda Ɗan'auta yake?"

"Ya aiko cewa tambayoyi ne kawai, kada in damu."

"Ya ce shi ya sata. In Bature ya dawo, birni za a kai shi, gidan yari."

Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ta bar shi a nan. Sannan ta ja faifai ta rufe.

"Soja sun ɗauke mini ɗaya ina tankaɗe. Ba za a ɗauki na biyu ina zaune ba." Ta naɗa gammon ta ɗora a ka. Malam Badaru ya miƙa hannu zai karɓi masakin, ta hana shi. "Kan da ya ɗauko shi zai mayar."

Ta wuce gaba, suna binta a baya ta cikin gonaki. A ƙofar dagaci Kofur ya sa aka buɗe wa Ɗan'auta. Da ya ga masakin a kan uwarsa sai ya je ya tsaya kusa da ita. Dagaci ya tambayi abin da za a gaya wa Bature. Malam Badaru, wanda bai saba da ƙarya ba, ya ce da in-ina ai aro aka yi, shi ne ya manta. Kofur ya ce shi dai an aiko shi neman majigi, ga majigi.

A aji ta sauke kayan a kan tebur, ta shafa ƙyallen, ta juya za ta tafi.

"Inna, dakata," in ji Malam Badaru. "Ba a ciki yake ba. Ga shi nan."

Ya buɗe akwatin katako ya zaro ɗan gilashi. Ta ɗaga shi saitin taga, ta ƙanƙance ido, ba ta ga komai ba sai baƙi-baƙi. Malam ya aika aka kawo tabarmi aka toshe tagogi, rana tsaka ajin ya yi duhu. Ya zuba kananzir, ya gyara lagwani, ya zura gilashin.

Kamilu ya fito a bango, girman mutum, riƙe da garma, ya juyo yana dariya da wanda ya ɗauke shi.

Inna Hure ta kau da kai gefe, ta ja mayafi. Ga maza uku a tsaye, jikinta ya ƙi yarda. Kofur ya gane. Ya taɓa kafaɗar Malam, ya ja hannun Ɗan'auta, suka fita, ya jawo ƙofa ya tsaya a bakinta kamar mai gadin baitulmali.

Sai suka ji muryarta ƙasa-ƙasa, tana lalube kamar mai koyon magana.

"Kamilu."

Ɗan'auta ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin uwarsa ba. A ciki ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo.