Sufanar Kano da Keken Baba

Saura ƙiris Baiwa ta fasa rubuta wasiƙar nan. Sau uku tana ɗaukar alƙalami tana ajiyewa, domin shekara uku kacal ta yi a lakwal, makarantar boko ta Faransa, kuma ita ko gaisuwa ce sai ta sunkuyar da kai.

Ranar kasuwar Matamaye ta fara ganin Iliyasu. Yana tsugune a inuwar gawo yana mayar da sarƙar keke, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"'Yar lakwal, tsaya mana ki karanta mini abin da Nasara ya rubuta a jikin keken nan."

Ta karanta masa.

"Kai! Ashe kina magana."

Ta ruga gida. Amma tun daga ranar ta raɗa masa suna Mai Keke, a zuci kawai.

Da manyansa suka je neman aurenta, mahaifinta Malam Isufu ya girgiza kai, domin Iliyasu ma yakan je cin rani Kano. Yayarta Hajara tana nan zaune a gida, mijinta ya tafi cin rani Kano shekara uku ke nan, ko saƙo babu.

"Ba zan sake ba ɗan cin rani 'yata ba," in ji shi. "In gyaran keke zai riƙe shi a garin nan, ga nawa can a zaure ya shekara a jingine. Ya tashe shi mu gani."

Iliyasu ya zo da sufanar da ya sayo a Kano. Ya ɗora ta a kan noti, ta zame. Ya sake, ta zame, har ta cinye kan notin. Lawwali, mai awon gyaɗa, wanda shi ma ya daɗe yana son Baiwa, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Malam, wannan ai ba gyara ba ne, ƙarasawa ce!"

Baiwa tana bayan zana, tana ji. Kunya ta hana ta fitowa. Kwana biyu bayan haka Iliyasu ya hau motar gyaɗa zuwa Kano, ba sallama.

Rani ya yi mata tsawo. Ita da Hajara su yi daka, su yi shara. Ranar kasuwa takan bi ta gindin gawon nan, ba kowa sai awaki.

Wata rana ta yi ta maza ta je wurin tsohon malaminta na lakwal, Mushe Illa (Mushe ake ce wa malaman lakwal), ta gaya masa komai tana kallon ƙasa.

"Ba laifin hannunsa ba ne," in ji Mushe. "Keken babanki na Faransa ne, sufanar Kano kuwa don keken Ingila aka ƙera ta. Awonsu ba ɗaya ba."

Ya ɗauko littattafai biyu na gyaran keke. Ɗaya mai kauri, cike da rubutu. Ɗayan siriri, ya sha hannu, kusan duk hotuna.

"Zaɓi ɗaya. Ni dai babban zan ɗauka, ilimin yana ciki."

Baiwa ta buɗe babban, ko layi ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe ba. Ta buɗe ƙaramin, ta ga an zana kowace sufana daidai girmanta. Ta tuna yadda Iliyasu yake kallon ƙarfe kafin ya taɓa shi.

"Mushe, shi da ido yake karatu. Wannan nake so."

Mako biyu ta yi tana bin hotunan, tana rubuta ma'anarsu da ajami a ƙasa, tunda shi allo ya yi. A shafi na goma sha biyu Faransancinta ya ƙare. Sai wasiƙar:

"Mai Keke, gaisuwa mai yawa. Ba hannunka ne ya kasa ba, sufanar ce ba ta ƙasarmu ba. Duba shafi na huɗu. Keken Baba yana nan inda ka bar shi. Ni ma haka. Baiwa."

Ta haɗa wasiƙar da littafin ta ba direban motar gyaɗa. Wata guda shiru. Har ta fara cewa da ma ba ta rubuta ba, sai amsa ta iso:

"'Yar lakwal, na ɗauka kin bi bayan masu dariya. Na kai shafi na huɗu wurin maƙeri, ya ɗora ƙarfe a kan hoton ya ƙera. Ki ce wa Baba kada ya sayar da keken."

Tun kafin ruwan farko Iliyasu ya dawo. A ƙofar gida, gaban jama'a, ya baje littafin a kan tabarma ya danne shi da dutse. Sabuwar sufanar ta kama noti cif. Kafin la'asar Malam Isufu ya hau kekensa ya zaga unguwa, babbar riga tana kaɗawa.

Da ya sauka ya leƙa littafin, ya ga ajamin.

"Wannan rubutun kamar na san shi."

Bayan zana aka ji an kifar da ƙwarya.

"To, ɗan nan," in ji shi, "kekunan Faransa sun cika garin nan, ba mai taɓa su. Kano ta yi haƙuri da kai. Na ba ka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Hajara ce ta raka Baiwa ɗaki, ta rungume ta tana hawaye.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ƙanwata. Allah ya sa kullum ki san inda mijinki ya kwana."

Washegari da safe Baiwa ta ciro littafin daga cikin kayanta, ta buɗe shafi na goma sha uku, ta tura wa Iliyasu.

"Mai Keke, nan na tsaya. Kai ka faɗa mini sunan abin, ni in rubuta."