Bokitin da Ba Ya Tsagewa

An yi wani mai narka roba da ya gano haɗin da ke hana bokiti tsagewa a rana. Bai yarda da matarsa ba, bai yarda da kowa ba.

Da ya je ofis neman takardar mallakar haɗin, akawu ya ce, "Malam, rubuta haɗin duka. Abin da ka rubuta shi ne naka."

A ransa ya ce, "Ni za a yi wa wayo?" Sai ya ɓoye sinadari ɗaya.

Ana nan, wata mata ta gano haɗin da kanta, ta rubuta duka, aka ba ta takardar mallaka. Da mai narka roba ya ji, ya ruga ofis yana ihu, "An yi mini sata!"

Aka haɗa abin da ya rubuta, aka yi bokiti da shi, aka ajiye bokitin a rana. Ya tsage. Akawu ya miƙa masa. "Ga naka, Malam."