Layin da Ya Ratsa Ɗakin Umma

Ranar da kotu ta turo safiyo ya auna gidansu, Auta ce ta buɗe masa ƙofa, idonta jawur.

"Kai ne za ka yanka mana gidan?"

"Awo kawai zan yi, ranki ya daɗe. Ko za ki riƙe min bakin tef ɗin?"

Ta riƙe. Yana awo yana satar kallonta.

Gidan na kakanta ne, ba a taɓa rabawa ba. Mahaifinta na rasuwa, ƙaninsa Baffa ya shigar da ƙara, alƙali ya ce a raba biyu. Abu ɗaya Umma ta roƙa: a bar mata ɗakin da ta yi jinyar mijinta shekara huɗu.

Don aiki ya karɓi lambar Auta. Kwana uku, saƙonnin suka daina kama da aiki.

"Autar Umma, tun safe na kasa zana layi ɗaya. Ke nake gani a takardar."

"Mai tef ɗina, ka zana a hankali. Ran uwata ne a ƙarƙashin fensirinka."

Sai taswira ta iso kotu. Layin ya ci ƙafa biyu cikin ɗakin Umma, dole a rushe bango.

"Wannan ne mai son naki?" in ji Umma. "In ya sake taka ƙofar nan, ban yafe miki ba."

Auta ta rubuta masa tana kuka: "Ka cuce ni. Kwana biyu Umma ba ta ci komai ba, sai shafa bango take yi kamar mai sallama da gawa. Kada ka sake kirana."

"Zuciyata, minti ɗaya kawai ki ba ni. Wallahi numfashi ma wuya yake min."

Sau goma sha ɗaya ya kira, tana kallon wayar tana cizon mayafi.

Lauyan Baffa ya taɓa zuwa zance wurin Auta, ta sallame shi. Da ya ji labarin soyayyarta da safiyo bai ko sake duba taswirar ba. Ya tabbata duk mai so sai ya yi son kai. Haka kowa ke ɗauka, har masu digiri. Ya miƙe a kotu ya ce an sayi safiyo da soyayya.

"Gaskiya ne kana son yarinyar?" alƙali ya tambayi safiyo.

"Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Tun ranar farko ya kamata in faɗa. A sake awon."

Aka turo wani tsohon safiyo. Wuri uku alamar iyakar gidan ta goge, kuma duk ukun saurayin ya bar wa Baffa wurin da ake shakka a kai, don kada zuciyarsa ta karkata hannunsa. Da aka gyara, layin ya faɗa bayan bango. Ɗaki ya tsira.

Alƙali ya cire tabarau. "Yaro, don ka wanke kanka sai ka tauye haƙƙin marayu? Wannan ma son kai ne." Ya dakatar da shi daga aikin kotu shekara guda.

Umma ta sa aka kira saurayin. Ya durƙusa a tsakar gida, Auta na leƙe ta taga.

"Saura kaɗan ka rushe min ɗaki don kada a ce ka yi min alfarma."

"Na yi kuskure, Umma."

"Ka yi. Wauta ce, amma ba irin ta ɓarawo ba. Tashi ka turo manyanka, yarinyar nan ta ishe ni da kuka."

Sauran matsala ɗaya: Baffa ne waliyyi. Auta ta je da kanta ta durƙusa gabansa, ta roƙe shi ya amince ta auri safiyon. Baffa ya dube ta.

"Duk duniya shi kaɗai ya taɓa ba ni fiye da haƙƙina," ya ce. "Na ba shi ke."

Bayan ɗaurin aure Umma ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su san hanyar kotu ba."

"Amin," in ji Baffa daga bakin ƙofa, da ƙarfi fiye da kowa.